Motar Kai Mai Naƙuda Asibiti: Tun Ciki Na Wata Bakwai Ake Nemanta

Maigida, yau da kai nake magana. Tambayar da mutanen ƙauyukan Bodinga da Shagari suka fi yi mini ita ce: idan naƙuda ta taso cikin dare, ga shi babu mota a gida, babu a unguwa, yaya za a yi? Amsata ita ce, daren naƙuda ba lokacin neman mota ba ne, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Tun ciki na wata bakwai ya kamata ka san direban da zai zo, da kuɗin da za ka ba shi, da asibitin da za ku nufa.

Ga dalilin da ya sa nake matsa maka. Zubar jini bayan haihuwa na iya kashe mace lafiyayya cikin awa biyu idan ba a tsayar da shi ba. A cikin awa biyun nan ne za a tashi uwar miji daga barci, a nemo ungozoma, a yi ta kiran wayarka kana ci-rani, a buga ƙofar mai mota, a yi cinikin mai. Kafin a hau titin da ya taso daga Tambuwal ya bi ta Shagari da Bodinga ya shiga Sakkwato, lokacin ya ƙare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mata kimanin 82,000 ne suka rasu a Najeriya sanadiyyar ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 kuma ya nuna cewa a Jihar Sakkwato, cikin haihuwa goma, wadda ake yi a asibiti ba ta kai ɗaya ba.

Ka fara da izini, don shi ne ba ya cin ko kwabo. Ka tara iyalinka da mahaifiyarka da ƙanenka, ka faɗa da bakinka: ko ina nan ko ba na nan, in naƙuda ta taso a kai ta asibiti, na yarda. Mata da yawa sun kwana suna zubar da jini mota na ƙofar gida, ana jiran maigida ya ɗauki waya. Wannan abu yana ci mini rai ƙwarai.

Daga nan ka tafi tasha ka ga shugaban ƙungiyar direbobi ta NURTW. An daɗe a jihohin Arewa ana horar da direbobin wannan ƙungiya kan ɗaukar masu naƙuda cikin gaggawa, saboda haka ka tambaya ko akwai wanda aka horar a yankinku. Ka karɓi lambar direba biyu, ba ɗaya ba, kuma waɗanda ke kwana kusa da ku, domin direban da ke kwana cikin garin Sakkwato ba zai amfani mutumin Kajiji ko Dandin Mahe da ƙarfe biyun dare ba. Ku gama ciniki da rana tsaka. Tun da aka janye tallafin mai a 2023, direbobi da yawa na ajiye mota tanki a bushe, don haka ka ba shi kuɗin mai tun da wuri, ka roƙe shi kada motar ta kwana babu mai a watan haihuwa. Kuɗin kuwa, da kaka ake ware shi: buhun gero ɗaya ko akuya guda da za a ce wannan ta haihuwa ce, ba mai taɓa ta. Inda mai unguwa da liman suka haɗa asusun gari don wannan aiki, abin ya fi sauƙi ga kowa.

Idan mota ba ta iya shiga garinku saboda yashi ko lakar damina, a raba tafiyar gida biyu. Amalanke ko Keke Napep ta fito da mai naƙuda bakin kwalta, direba kuma a kira shi tun kafin a fito, ya jira a can. Kabu-kabu yana yi a farkon naƙuda, in mace tana cikin hayyacinta, wata ta zauna bayanta ta riƙe ta, a tafi a hankali. Mai jijjiga ko mai zubar da jini kuwa kwantar da ita ake yi ta gefen hagu. Masu ƙetare gulbin Shagari, kada ku bari sai dare ya yi ku nemi kwale-kwale; ku ƙetare da ita tun kafin watan ya kama.

Akwai matan da ban yarda su jira naƙuda a ƙauye ba ko kaɗan: mai cikin fari, musamman yarinya ƙarama, da wadda aka taɓa yi wa tiyata, da mai tagwaye, da mai hawan jini, da wadda ta haihu biyar ko fiye, da wadda aka gaya mata a wurin awo cewa ɗan bai kwanta daidai ba. Da shigar wata tara, ta koma gidan dangi a cikin Bodinga, Shagari, Yabo ko Sakkwato. Al'adar goyon ciki ma sai a duba ta: in gidan iyayenta ya fi nisa da asibiti, a yi shawara.

A wurin awo ku tambayi ma'aikaciya ƙarara: kuna buɗewa da dare? Kuna ƙarin jini? Kuna tiyata? Ƙaramin asibitin mazaɓa yana karɓar haihuwar da ta zo da sauƙi, amma jini da tiyata sai babban asibiti, in abin ya yi tsanani kuma sai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko Asibitin Ƙwararru a Sakkwato. A Nuwamban 2024 Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi, ku tambaya wane asibiti ne ke cikin shirin. Maza biyu masu lafiya su bi motar saboda bayar da jini.

Inna, uwar miji, ke da ungozoma, naku aikin shi ne kada ku riƙe mai naƙuda. Yarinya mai cikin fari takan ɓoye ciwo saboda kunya, ku riƙa lura da ita. Da ciwon mara ya fara zuwa a jere, ko faya ta fashe, a kama hanya. Jini ko kaɗan ne, ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska, zazzaɓi, ɗa ya daina motsi, hannu ko cibiya ta riga fitowa: babu jiran asuba. Naƙudar da ta wuce awa goma sha biyu ita ke jawo wa mata yoyon fitsari, irin waɗanda ake yi wa aiki a Asibitin Maryam Abacha. Jijjiga kuma ciwo ne na hawan jini, allurarta tana asibiti. Kada a yi mata hayaƙi, kada a ɗura mata komai, kada a cusa cokali a bakinta. A yi addu'a a cikin mota, ana tafiya.

Idan haihuwa ta zo a hanya, a tsaya a shimfiɗa zane mai tsabta. A goge jariri ya bushe, a ɗora shi a ƙirjin uwa, a lulluɓe su tare, a sa shi a nono. Kada a ja cibiya don mabiyiya ta fito, kada a yanke da tsohuwar reza. A riƙa murza marar uwa har mahaifa ta yi tauri. Ƙwayoyin hana zubar jini na misoprostol guda uku, waɗanda aka fara rabawa a ƙauyukan Sakkwato tun 2013, bayan jariri ya fito uwa ke shan su, kuma sai an tabbatar babu na biyu a ciki; shan su kafin haihuwa yana iya fasa mahaifa. Sannan a ci gaba zuwa asibiti, kada a juyo gida don an ga an sauka.

Maigida, in cikin iyalinka ya kai wata bakwai, ka je tasha a wannan makon. Ka rubuta lambobin direbobin a takarda, ka ba ta ɗaya, ka ba Inna ɗaya. Allah Ya sauke su lafiya.