Darasin lissafi: tiya nawa ke cikin tsibin hatsi?

In an sussuke hatsi an sheƙe, aka zuba tsaba ƙasa, sai ta yi tsibi: gindi da faɗi, kai da tsini, kamar malfa ko jinkar ɗaki. A lakkol ana ce wa wannan siffa "kon". Ɗan kasuwa yakan dubi tsibi ya yanka kuɗi da ido. Manomin da bai san lissafin ba, shi ake cuta.

Dokar guda ce: filin gindi sau tsawo, a raba uku.

Don mi uku? A samu mazurari da gwangwani, bakinsu ɗaya, zurfinsu ɗaya. A toshe ƙasan mazurari, a cika shi da rairayi, a juye cikin gwangwani. Sai an juye sau uku gwangwani ke cika.

Ga misali. Manomi ya kewaye gindin tsibinsa da igiya, ya auna igiyar: mitir 6,28. Ya raba da 3,14, ya samu faɗin gindi: mitir 2. Rabin faɗi mitir 1 ke nan. Filin gindi shi ne rabin faɗi sau rabin faɗi sau 3,14:

1 x 1 x 3,14 = 3,14

Saura tsawo, kuma nan mutane da yawa ke kuskure. Ba a shimfiɗa igiya bisa gangaren tsibi, don gangare ya fi tsawo na gaskiya. A kafa sanda tsaye gefen tsibi, a gitta wata daga tsini, kada ta karkace. Daga ƙasa zuwa inda suka gamu, shi ne tsawo. Manomin ya samu santimitir 60, watau mitir 0,6.

3,14 x 0,6 = 1,884
1,884 : 3 = 0,628

Wannan 0,628 na akwati ne mai mitir 1 ta kowane gefe, wanda ke cin litir 1000. Tsibin yana da litir 628.

Tiya ta Maraɗi da ta wata kasuwa ba lalle su zo ɗaya ba, kowa ya gwada tasa da litir. In tana cin litir 3, tsibin tiya 209 ne. Gidan da ke cin tiya 2 kullum, kwana 104 zai yi da shi, wata uku da rabi. Mai irin wannan tsibi ya yi tunani kafin ya sayar.

Aikin gida: kewayen gindi mitir 9,42, tsawo santimitir 80. Litir nawa? A kawo wa malami amsa ranar karatu.