Darasi: Hoton Asibiti da Ciwon Dajin Maza

'Yan'uwa, a ƙarƙashin mafitsarar kowane namiji akwai wani ɗan ƙululu kamar goro. Likitoci suna kiransa furostet. Hanyar fitsari ta tsakiyarsa take bi. A Nijeriya, ciwon dajin wannan ƙululu ya fi kowane ciwon daji kama maza. Duk da haka ba mu cika yin maganarsa ba, saboda kunya.

Ba duk iri ɗaya ba ne

Manomi ya san bambancin ciyawar da ke bakin gona da wuta-wuta mai kashe dawa. Haka wannan ciwo yake. Wani yana girma a hankali, mutum ya tsufa da shi bai cutar da shi ba. Wani kuwa yana saurin yaɗuwa zuwa ƙashi. Aikin likita shi ne ya rarrabe su, domin tiyata tana iya barin mutum da yoyon fitsari ko raunin mazakuta.

Yadda ake rarrabewa

Akan fara da gwajin jini mai suna PSA. Idan ya yi sama, akan ciro ɗan nama da allura a duba shi. A 1966 Dokta Donald Gleason na Amurka ya fito da ma'aunin da ake ba naman maki. Maki 6 mai sauƙi ne, 8 zuwa 10 mai tsanani.

Yanzu na'urar MRI tana taimakawa kafin a kai ga allura. Tana duba yadda ruwa ke motsi cikin nama. Ku tuna da ranar kasuwa: inda mutane suka cunkushe, tafiya takan yi wuya. Ciwo mai tsanani yana cunkushe ƙwayoyin nama, sai ruwa ya kasa motsi, hoton kuma ya nuna wurin. Likita sai ya ba da maki daga 1 zuwa 5. Wannan ma'auni, PI-RADS, ya fara a 2012. Maki 4 ko 5 yana bukatar allura, a daidai wurin da hoton ya nuna.

A binciken PRECISION na 2018, mai maza 500, kashi 28 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa hoton ba su bukaci allura ba. A 2024 binciken PI-CAI ya gwada kwamfuta da likitocin hoto 62, kwamfutar ta fi matsakaicinsu gano ciwo mai tsanani. Amma hoto nuni ne kawai. Naman da aka duba shi ne ke tabbatarwa.

Abin da za mu yi

Na'urar tana manyan asibitocin birni, kuma tana da tsada. Amma matakin farko yana hannunmu. Ciwon yakan fara ba alama. Namijin da ya kai shekara 45, musamman idan mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi ciwon, ya tambayi likita game da PSA. Wahalar fitsari sau da yawa kumburin tsufa ne kawai, amma sai an duba za a sani.

Tambayoyi don tattaunawa
1. Me ke hana dattawanmu faɗin matsalar fitsari?
2. Yaya mata za su ƙarfafa mazansu su je asibiti da wuri?
3. Za mu iya buɗe asusun kuɗin mota da na gwaji?