Darasi: Nawa Ya Kamata Baƙon Masunci Ya Biya?

Darasinmu na wannan wata a kan kuɗin lasin na kamun kifi ne, musamman kuɗin da akan ɗora wa masuncin da ya ƙetare iyakar jiharsa ya shiga ruwan maƙwabta. Da yawa cikin 'yan ƙungiyoyinmu manoma ne da damuna, masunta da rani. Waɗansu ƙungiyoyi kuma sun haƙa tafki ko sun tare rafi, ga shi yanzu mutanen waɗansu garuruwa suna zuwa da komarsu. To, nawa ya kamata baƙo ya biya? Mutanen Amurka sun daɗe suna gardama a kan wannan, har maganar ta je gaban Kotun Ƙolinsu ba sau ɗaya ba. Bari mu duba yadda suka yi, sa'an nan mu dawo gida.

Dalilin da ya sa baƙo yake biyan ƙari

Amurka tana da jihohi 50. Kowace jiha ce take ba da lasin na kamun kifi a ruwanta, kuma yawanci kuɗin iri biyu ne: na mazaunin jihar, da na wanda ya zo daga waje. Na baƙon ya fi tsada. Da wannan kuɗi ne ake biyan masu gadin ruwa, da wuraren ƙyanƙyasar ƙwan kifi, da ma'aikatan da suke auna yawan kifin da ya rage. Tun 1950 gwamnatin tarayya tana karɓar haraji a kan kayan fatsa, ta raba wa jihohi. Kashi 60 cikin 100 na rabon yana bin yawan masu lasin a jihar, kashi 40 yana bin girman ƙasarta da ruwanta. Akwai sharaɗi kuwa: jihar da ta karkatar da kuɗin lasin zuwa wani aiki dabam za ta rasa rabonta.

Hujjar jihohin ita ce, mazauni yana biyan haraji shekara duka, wani sashi na harajin nan kuwa yana tafiya wajen kiyaye ruwa. Baƙo ya zo kwana kaɗan, ya kama kifi, ya tafi. Idan aka ce su biya daidai, an cuci mazauni. Wannan hujja gaskiya ce. Amma ina iyakarta?

Dala 25 da dala 2,500

A bakin tekun Atilantika akwai jihohi biyu maƙwabta, Karolina ta Kudu da Jojiya. Masuntansu suna kamun jatan lande da jiragen ruwa masu jan taru. Jatan landen nan ba ya zama wuri guda. Da ƙarshen lokacin zafi yakan gangara kudu, idan sanyi ya wuce ya komo arewa. Saboda haka masunci mai son ya ci abinci shekara duka tilas ne ya bi shi daga ruwan wata jiha zuwa na wata.

A 1947 Karolina ta Kudu ta kafa doka cewa jirgin mazauni zai biya dala 25, jirgin baƙo kuwa dala 2,500. Watau ninki 100 ke nan. Baƙon da ya riga ya yi shekara uku a jere yana su a can aka rage masa zuwa dala 150. Har wa yau dokar jihar ta ce duk jirgin da ya kama jatan lande a ruwanta, sai ya tsaya a tashar jihar, ya sauke kayansa, a ɗaure su, a buga musu hatimin haraji, kafin a kai su wata jiha. Ku dubi abin da ya biyo baya. A 1946 jiragen baƙi 100 ne suka yanki lasin. A 1947 guda 15 kawai. Babu ko mutum ɗaya da ya biya dala 2,500 ɗin.

Sai masunta biyar daga Jojiya, tare da wata ƙungiyar dillalan kifi, suka kai ƙara. Ana kiran shari'ar da sunan ɗaya daga cikinsu, Toomer. Karolina ta Kudu ta ce ai ruwanta ne da abin da ke cikinsa, kuma tana so ta kiyaye jatan landen kada a ƙarasa shi. Ta ce jiragen baƙi sun fi girma, kuma gadinsu ya fi wuya.

A 1948 Kotun Ƙoli ta rushe wannan kuɗi. Tsarin mulkin Amurka ya ce ɗan wata jiha yana da 'yancin neman abincinsa a kowace jiha kamar 'yan jihar. Kotu ba ta ce kada a bambanta ko kaɗan ba. Ta ce ana iya ƙara wa baƙo kuɗi gwargwadon abu biyu: ƙarin wahalar gadi da zuwansa ya jawo, da kuma abin da mazauna suka kashe daga harajinsu wajen kiyaye ruwan, wanda baƙo bai sa hannu ba. Abin da ya wuce wannan ba kuɗin lasin ba ne, shinge ne. A kan maganar kiyaye jatan lande kuwa, kotu ta nuna cewa idan da gaske ake yi, akwai hanyoyi: a hana irin tarun da ke ɓarna, ko a sa babban jirgi ya biya fiye da ƙarami, ko na wane ne. Dokar sauke kaya a tashar jihar ma an rushe ta, gama tana tare ciniki tsakanin jihohi. Amma ƙaramin harajin da jihar take karɓa a kan nauyin abin da aka kama, wanda mazauni da baƙo suke biya daidai, kotu ta bar shi.

Akwai abu guda a cikin wannan shari'a da muke so ku riƙe. Ba Karolina ta Kudu kaɗai take yin haka ba. Jihohin yankin sun yi ta rama wa juna, wannan ta tsananta wa baƙi, waccan ta ƙara, har ruwan ya zama kamar gonaki masu shinge. Masuncin Karolina da ya yi murna an kori ɗan Jojiya, sa'ad da jatan lande ya gangara kudu shi ma baƙo ne a can. Wanda ya yi dokar yana zaune a ofis. Mai jirgi ne ya kwana da yunwa.

Bayan shekara huɗu, a 1952, kotun ta sake rushe irin wannan doka a Alaska, inda mazauni yake biyan dala 5, baƙo dala 50. Hukumar Alaska ta ce gadin baƙi ya fi tsada, amma ba ta kawo lissafin da ya nuna haka ba.

Mai neman abinci da mai shaƙatawa

Wani zai ce, to, me ya sa har yanzu baƙo yake biyan ninki biyu ko uku a jihohi da yawa? Amsar tana cikin wata shari'a ta 1978. Jihar Montana tana da wani babban naman daji mai ƙaho da rassa, dangin barewa, ana ce da shi elk. A 1976 mazauni yana iya yankan lasin na farautarsa a kan dala 9, baƙo kuwa sai ya sayi haɗaɗɗen lasin na dala 225. Waɗansu mafarauta daga Minesota suka kai ƙara, amma ba su yi nasara ba. Kotu ta ce wannan farauta ta jin daɗi ce, ba hanyar neman abinci ba ce, saboda haka kariyar da aka ba masuntan Jojiya ba ta kai gare ta ba. Tun daga nan jihohi suna da hannu sake a kan mai jefa fatsa don shaƙatawa. A kan mai sana'ar su kuwa, sai da lissafi.

A ganinmu wannan rarrabewa ta fi sauƙi a takarda. A ƙauyukanmu mutumin da ya kama tarwaɗa biyar, ya sayar da uku ya kai biyu gida, a wane gefe za a sa shi?

Alaska dai ba ta daddara ba. Daga baya ta sa baƙon masunci mai sana'a ya biya ninki uku na mazauni. A 1984 baƙin suka haɗa kai suka kai ƙara, shari'ar kuwa ta ɗauki fiye da shekara 25. Kotun jihar ta ce a zauna a yi lissafi: nawa jihar take kashewa a kan kifi daga dukiyar da ta mazauna ce kaɗai, kamar kuɗin man fetur? A raba wannan bisa kan kowane mazauni. Abin da ya fito, shi ne ƙarin da za a iya ɗora wa baƙo. Abin da aka karɓa fiye da haka, aka ce a mayar wa masu shi.

Idan ruwa ɗaya ne, jiha biyu

Wahalar ta fi yawa inda kogin kansa ne iyaka. Kogin Potomak yana tsakanin Merilan da Birjiniya, amma bisa tsohuwar takarda kogin na Merilan ne har zuwa gaɓar Birjiniya. A 1785 wakilan jihohin biyu suka zauna a gidan George Washington, suka yarda mutanen Birjiniya su ma su yi su a kogin, su kuma su bar jiragen Merilan su wuce ta bakin tekunsu ba haraji. Duk da haka an yi shekaru masu yawa ana faɗa a kan kawa, har da bindiga. A 1959 masu gadin ruwa na Merilan suka harbe wani mutumin Birjiniya a cikin jirgi, ya mutu. Wannan mutuwa ta sa aka hanzarta sabuwar yarjejeniya da aka riga aka rubuta a 1958. Majalisar tarayya ta amince da ita a 1962. Aka kafa hukuma ɗaya ta kogin, kowace jiha da wakilai daidai da na ɗayar. Ita take ba da lasin, ita take sa dokar kamu a sashen kogin da ke kusa da teku.

Teksas da Oklahoma sun bi wata hanya mai sauƙi. Tafkin Teksoma, wanda aka samu bayan gina madatsa a 1944, ya ratsa iyakarsu. Masunci a tsakiyar ruwa ba ya ganin layin iyaka. Sai suka fitar da lasin na musamman na tafkin, wanda shekaru da yawa kuɗinsa dala 12 ne. Mai shi yana iya jefa fatsa ko'ina a tafkin, ko daga wace jiha ya fito.

Mu dawo gida

Mu ma muna da irin wannan ruwa. Tafkin Kainji, wanda aka gama madatsarsa a 1968, yana tsakanin Jihar Neja da Jihar Kebbi. Kogin Binuwai ya ratsa Adamawa da Taraba da Binuwai, Sarkawa da Jukun kuwa tun kafin a yanka jihohi suke bin kifi sama da ƙasa. Duk lokacin da aka ƙirƙiri sabuwar jiha, kamar yadda aka fitar da Kebbi daga Sakkwato da Taraba daga Gongola a 1991, waɗansu masunta sukan wayi gari baƙi a ruwan da kakanninsu suka yi su. Sashe na 41 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin zuwa da zama ko'ina a ƙasar, sashe na 42 kuwa ya hana hukuma ta bambanta mutum saboda asalin garinsu. Duk wanda aka ce ya biya kuɗin baƙo a bakin kogi, yana da dama ya tambaya wace doka ce ta sa shi, ya kuma nemi rasit.

Ku lura, ƙungiya ba ta da ikon sa kuɗi a kan kogi. Wannan aikin gwamnati ne da sarkin ruwa. Amma tafkin da kuka haƙa da hannunku naku ne, a nan ne lissafin Alaska zai yi muku amfani. Ga misali. A ce ku 40 ne a ƙungiya. A shekara kun kashe naira 400,000 daga asusunku wajen yasar tafki da sayen 'ya'yan kifi da biyan mai gadi. Kowannenku ya riga ya zuba naira 10,000 ke nan. Idan ɗan ƙungiya yana biyan naira 5,000 kafin ya shiga ruwa, baƙo zai biya 15,000. A ce kuma baƙi 20 ne, zuwansu ya sa kun ƙara wa mai gadi naira 60,000. Ku raba musu, kowa naira 3,000. Kuɗin baƙo ya zama 18,000. Kada ku manta da kwanakin gayya. Ku ƙiyasta su da kuɗin ƙwadagon yini ɗaya, ku haɗa cikin lissafi, gama gumi ma kuɗi ne. Wannan kuɗi kuna iya bayyana shi a gaban dagaci ba kunya. Idan kuwa kuka ce naira 100,000, kowa ya san korarsa kuke yi, 'yan garinsu kuma za su tuna ranar da kuka zo neman haya a fadamarsu.

Idan tsoronku shi ne kifin zai ƙare, tsadar lasin ba ita ce magani ba, domin mai kuɗi zai biya ya kwashe da ƙaton taru. Ku sa lokacin rufe ruwa sa'ad da kifi yake ƙwai, ku hana taru mai ƙananan idanu, dokar kuwa ta hau kan shugaban ƙungiya kamar yadda ta hau kan baƙo.

A taronku na gaba, ma'aji ya zo da littafin kuɗi na bara. Ku fitar da abin da aka kashe a kan ruwa kaɗai, ku raba bisa yawanku, ku gwada da abin da kuke karɓa daga baƙi yanzu. Ƙungiyoyin da suke tarayya da wani gari a tafki ɗaya, ku gayyaci wakilansu su zauna da ku a wannan lissafi.