Atishawar Hunturu: Piriton Ko Loratadine?

Da zarar hunturu ya kankama, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sai ka ji aji ya cika da atishawa. Hanci na zubar da ruwa, ido na ƙaiƙayi, ba zazzaɓi, ba ciwon jiki, amma abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa har sati uku. Wannan ba murar da aka saba ba ce, borin jini ne: ƙura ko garin furen ciyawa ya shiga hanci, jiki ya ɗauke shi abokin gaba, sai ya saki sinadarin histamin, wanda ke haddasa kumburi da ƙaiƙayin. Shi ya sa Ampiclox ba ya yi masa komai, asarar kuɗi ce kawai.

Idan ka tsaya wani kemis a Ƙofar Kwaya ka ce maganin atishawa, galibi Piriton za a miƙo maka. Yana aiki, ga araha. Matsalarsa ita ce yana shiga ƙwaƙwalwa ya saukar da barci da kasala, kuma ƙwaya ɗaya mai miligiram 4 awa huɗu zuwa shida take yi. Ka sha shi da safe ka hau babur, ko ka shiga jarrabawa, ka ga yadda ido zai riƙa rufewa. Sannan a lura, magungunan mura irin su Procold suna ɗauke da sinadarin Piriton ɗin, haɗa su ninka sha ne.

Loratadine da cetirizine, miligiram 10 sau ɗaya a rana, su ne na ɗalibi. Cetirizine kan ɗan sa wasu gyangyaɗi, don haka ni dai a lokacin jarrabawa loratadine zan zaɓa.

Amma idan toshewar hanci ce ta fi damunka, ƙwayoyin nan ba su cika buɗe shi ba. Nan maganin feshi irin su beclometasone ko fluticasone ya fi, sai dai yana ɗaukar kwanaki kafin ka ji daɗinsa, kuma kullum ake fesawa. Otrivin kuwa nan take yake buɗe hanci, amma kada a wuce sati ɗaya, in ba haka ba hancin zai dawo ya fi da toshewa.

Dexamethasone da wasu ke saya barkatai, a bar wa likita. Mai juna biyu, da wanda numfashinsa ke fita da ƙara ko ƙirjinsa ke ɗaurewa, su wuce asibiti, don borin hanci da asma sukan zo tare.