Daga Fiffiken Gizo Zuwa Tauraruwa Mai Wutsiya: Darasi A Kan Labaran Kimiyya

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Rano da Kibiya ya san daren kaka. An kai amfani gida, wata bai fito ba, taurari sun cika sama har mutum ya ga Kaza da 'Ya'yanta sarai. A irin wannan dare ne kakanninmu suke ba mu tatsuniyar Gizo da ya ari gashin tsuntsaye ya tashi sama. Ba mu taɓa tambayarsu yadda aka yi gashin aro ya ɗauki Gizo ba, domin tatsuniya ba ta bukatar hujja. A wannan darasi za mu duba wani irin labari wanda shi dole ne ya kawo hujja. Shi ne ƙagaggen labarin kimiyya.

Mene ne shi? Labari ne wanda marubuci yake ɗaukar abin da kimiyya ta tabbatar, sa'an nan ya tambayi kansa: in abin nan ya ci gaba, me zai faru da mutane? Jarumin ba ya tashi da laya ko da taimakon aljani. Sai marubucin ya gaya mana irin jirgin, da abin da yake tura shi, da iskar da matafiya za su shaƙa.

A mujallu ne irin waɗannan labarai suka girma. A watan Afrilu na 1926 wani mutum mai suna Hugo Gernsback, haifaffen ƙasar Luxembourg da ke zaune a Amurka, ya fara buga Amazing Stories, mujalla ta farko da ba ta ɗauke da komai sai labaran kimiyya. Takardarta mai araha ce ƙwarai, ana sayar da ita senti 25, saboda haka ɗalibai da leburori suna iya saye. Da fari tsofaffin labaran Jules Verne da H. G. Wells ya riƙa sake bugawa, daga baya matasa masu karatu suka fara aiko da nasu. A 1930 aka kafa Astounding Stories, wadda John W. Campbell ya zama editanta a 1937. Shi ne ya matsa wa marubuta su san kimiyyar da suke rubutu a kanta.

Bari mu ɗauki misali biyu daga wannan mujalla ta biyu. A 1941 Isaac Asimov, yana ɗan shekara 21, ya rubuta "Nightfall". Labarin wata duniya ce mai rana shida, inda dare ba ya yi sai sau ɗaya a cikin shekara fiye da 2,000, lokacin husufi. Da duhu ya sauko, taurari suka bayyana, sai mutane suka haukace don tsoro, suka cinna wa garuruwansu wuta suna neman haske. Mu da muke ganin taurari kowane dare, labarin yana tuna mana cewa abin da muka saba da shi har ba ma ɗaga kai mu duba, babban aiki ne na Mahalicci.

Na biyu shi ne "Deadline" na Cleve Cartmill, wanda ya fito a watan Maris na 1944. Ya bayyana wani bam na ƙare dangi da ake haɗawa da yuraniyam. A lokacin Amurka tana ƙera irinsa a asirce, saboda haka jami'an tsaro suka binciki marubucin da editan. Aka tarar daga littattafai da mujallun da kowa yake iya karantawa aka tattara bayanin. A watan Agusta na 1945 aka jefa bam ɗin gaske a kan Hiroshima. Darasin a fili yake: ilimi wuƙa ce, tana yanka nama, tana kuma yanka mai ita. Labari mai kyau yakan sa mu yi tunanin wannan tun kafin abin ya auku.

Kada wani ya ce wannan duk harkar Turawa ce. Sa'ad da John Glenn ya kewaya duniya a 1962, ɗaya daga cikin tashoshin da suke bin sawun kumbonsa a Kano take. A watan Agusta na 1963 Shugaba Kennedy ya yi magana da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ta tauraron ɗan'adam mai suna Syncom 2. A 1969 kuwa, shekarar da mutum ya fara taka wata, kamfanin NNPC na Zariya ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, labarin wani yaro Kilba da baƙonsa daga sararin samaniya, Kolin Koliyo, wanda ya ɗauke shi yawo a sama. Wannan littafi ya nuna cewa Hausa tana iya ɗaukar irin wannan kaya. A 2014 wasu 'yan Nijeriya suka kafa mujallar Omenana a intanet domin irin waɗannan labarai da Turanci. Amma da Hausa har yanzu gonar saura ce, manomanta kaɗan ne.

To, wa zai nome ta? Mu ne. Ba sai mun je wata ba. Ga Dam ɗin Tiga kusa da mu: me zai faru in ya ƙafe shekara uku a jere? In aka samo irin dawa mai nuna a kwana 40, wa zai ci riba, manomi ko ɗan kasuwa? In na'ura ta karɓi aikin malamin asibiti, wa zai riƙe hannun mara lafiya ya yi masa addu'a?

Aikin hutu: kowane ɗalibi ya zaɓi tambaya ɗaya, ya rubuta labari mai shafi biyu da Hausa. Ya kai wa malamin kimiyya ya duba hujjarsa, ya kai wa malamin Hausa ya duba harshensa, sa'an nan ya karanta wa kakarsa. In ta ce, "Daga nan sai me?" to, labari ya yi. Da sannu akan kai nesa. Ubangiji ya ba mu hikimar yin amfani da iliminmu, amin.