Nasiha ga ɗalibin likitan dabbobi a Masar

Ɗana, na ji an tura ku ƙauyukan bakin Nilu ɗibar jinin baunar gida, wadda manoman can suke kira jamusa, domin a san yawan masu ɗauke da cutar da kaska ke yaɗawa. Allah ya yi albarka. Kafin ka cika takarda da alƙaluma, saurari tsoho.

Bauna dabba ce mai ɓoye ciwo. Za ka same ta kwance cikin taɓo tana tuƙa, ana tatsar ta safe da yamma, alhali ƙwayar Theileria annulata ko Babesia na cikin jininta. Fatarta mai kauri ce, kwanciya cikin ruwa da laka kuma na rage mata kaska, ga juriya da Allah ya ba ta. Saniyar Friesian da ke ɗaure kusa da ita ba ta da wannan gata. Kaskar Hyalomma za ta sha jinin baunar, ta sauka ta laɓe cikin tsagar bangon ƙasa ta sake fata, sannan ta hau saniyar. Bayan mako ɗaya ko biyu sai zazzaɓi ya haura digiri 40, kaluluwa ta fito a gaban kafaɗa, cikin ido ya yi fari, nono ya ƙafe. Mai gida zai ce saniyar ce raguwa. Baunar kuwa ba wanda zai zarge ta.

Saboda haka idan ka karanta cewa kashi kaza na garke na ɗauke da cutar, fara tambaya da me aka auna. Wanda ya shafa jini a gilashi, ya rina da Giemsa, ya leƙa a madubin likita, zai ga mai ciwo sosai, amma mai ɗauke da 'yan ƙwayoyi kaɗan za ta wuce shi. Gwajin PCR zai kamo ta. Garke ɗaya, rana ɗaya, sai a samu lissafi biyu da ba su yi kama ba, kuma babu wanda ya yi ƙarya. Tambayi lokacin ma, domin jinin da aka ɗiba da zafi, sa'adda kaska ta yi yawa, dabam yake da na sanyi. Sannan wanda ya tsaya asibiti yana jiran a kawo masa marasa lafiya, lissafin asibiti ya yi, ba na ƙauye ba.

Wani abin da matasa ke gaggawa a kai shi ne allura. Ba duk wadda gwaji ya nuna tana da Theileria ce ke buƙatar buparvaquone ba. Maganin da tsada, kuma dole a dakatar da sayar da nonon na wasu kwanaki, ga mutum da bauna ɗaya ko biyu ke ciyar da gidansa. Ajiye shi don wadda ta kwanta. Mai fitsarin jini kuwa Babesia ce, maganinta diminazene, wato Berenil ɗin nan da makiyayanmu suka sani saboda sammore. Kada ka rikita cututtukan biyu. Sauran aikin na bango ne da turke: a liƙe tsaga, a yi feshi a kan kari, a raba wurin kwanan saniyar waje da na bauna, sabuwar dabba daga kasuwa kuma ta yi 'yan makonni ita kaɗai.

Mu ba mu kiwon jamusa a gida, amma kada ka ce karatun ba namu ba ne. Farar saniyar Fulani ma haka take jure abin da ke kayar da shanun da ake shigowa da su don madara. Kaskar Rhipicephalus microplus, wadda aka gano a Kodebuwa a 2007, ta riga ta bazu a Afirka ta Yamma, tana kuma jure magungunan feshi da yawa. Ka koyi rarrabe kaska da idonka tun kana can, ka riƙa ɗaga wutsiya kana duba hantsa da bayan kunne kafin ka taɓa sirinji.

Ka gaishe da malamanka.