Kafin Ka Jona Had Dis Huɗu a Kwamfuta Ɗaya

A shagona na gyaran kwamfuta, yawancin masu kawo had dis na waje da ya daina buɗewa masu ɗaukar bidiyon biki ne da masu tura fina-finai a waya. Kukansu ɗaya: "Malam, jiya lafiyarsa ƙalau, yau sai ƙas-ƙas yake yi." In na tambayi yadda ake jona shi, sai a ce ai su uku ne ko huɗu a jikin ɗan hob ɗin nan mai araha, shi kuma an soka shi a kafar USB guda.

To, a nan gizo ke saƙar, domin maganar wuta ce. Kafar USB 2.0 miliamfa 500 take bayarwa, ta USB 3.0 kuwa, wadda galibi cikinta shuɗi ne, 900. Ƙaramin had dis mai inci 2.5 ba shi da wata wuta sai wadda ya ja daga kafar, kuma lokacin da faifan cikinsa zai fara juyawa yakan nemi kusan duk abin da kafa ɗaya ke iya bayarwa. Hob marar wayar wuta ba ya ƙara komai, ɗan abin da ke akwai yake rabawa, kamar a ajiye wa ƙarti huɗu kwanon tuwo ɗaya. Faifan ya yunƙura, wuta ta gaza, ya tsaya, ya sake yunƙurawa. Sau da yawa ƙarar da kake ji ke nan. In aka yi rashin sa'a ana cikin kwafar fayil, bidiyon auren mutane ya lalace, kuma amarya ba za a sake kai ta ɗaki don a ɗauka ba.

Saboda haka ka sayi hob mai adaftarsa da ake jonawa a soket, ko ka ba kowane had dis kafarsa. In kwamfutar tebur ce, kafofin baya sun fi na gaba aminci. Wanda kuwa aka jona shi kaɗai da waya mai kyau bai daina ƙarar ba, a cire shi nan take, yawan gwadawa ƙara masa ciwo yake yi.

Manyan masu inci 3.5 suna da adaftarsu ta bolt 12, amma ana ɗauke wuta suke mutuwa, ko da laftof ɗinka na kan batir. Su da hob ɗin duk a ɗora su kan UPS. Kafin ka zare kowanne, danna Eject.

Abin da ya fi damuna shi ne mutum ya tara had dis huɗu, amma kowane aiki a guda ɗaya kacal yake. Don Allah, aikin da aka ba ka amanarsa, ka kwafe shi a biyu, na biyun ka zare shi ka adana a wani wuri daban.